Hantsar tumakina na kumbura, allura kuma ta daina ci

"Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon tumaki wajen talatin a bayan gari, Balami da Uda. Muna tatsar wasu saboda yara a gida, sauran kuma 'ya'yansu ke tsotsa. Daga damina zuwa yanzu tunkiya biyar hantsarsu ta kumbura bayan haihuwa. Ɗaya gefen hantsarta ya yi baƙi ya yi sanyi, kwana biyu ta mutu. Biyu sun tashi, amma gefe ɗaya ya yi tauri kamar dutse, ba ya kawo nono. Biyu kuma yanzu haka suna fama. Da can in na yi musu LA mil biyu sai su warware, yanzu na yi har sau uku ba canji. Mai shagon magani ya ce ƙwayar cutar ce ta saba da maganin, in sayi mai ƙarfi. Gaskiya ne? Wanne ne mai ƙarfin? Kuma za mu iya shan nonon?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri, ya tsare sauran. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ke kumbura hantsar, me ya sa allurar da ka saba ta daina ci, sannan ko nonon zai shawu. Amma bari in fara da abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka, wato mil biyun nan. Oksitetrasayikilin mai dogon zango da muke kira LA, irin mai ƙarfin 20 cikin 100, ana ba da mil ɗaya ne ga kowane kilo goma na nauyin dabba. Balamiya mai shayarwa ba wuya ta kai kilo hamsin ko sittin, ka ga haƙƙinta mil biyar ko shida ke nan, a raba wuri biyu. Abin da kake ba ta bai kai rabi ba. Kafin mu ce ƙwayar cuta ta yi taurin kai, mu yarda cewa ba a taɓa haɗa ta da maganin yadda ya kamata ba. Mai shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ya yanke hukunci ba shaida, kuma kada ka manta shi ne zai sayar maka da kwalba ta gaba.

Abin da ke faruwa a cikin hantsa

Hantsar tunkiya ɗaki biyu ce, kowane da ƙofarsa, kuma ba su haɗe ta ciki ba. Shi ya sa kake ganin gefe ɗaya ya lalace ɗayan yana lafiya. Ƙofar ita ce 'yar kafar da ke kan nono, wadda ba ta rufewa nan take bayan tsotso ko tatsa, takan ɗauki kamar rabin awa ko fiye. Kusan duk ciwon hantsa ta nan yake shiga, daga fata, ko hannun mai tatsa, ko bakin ɗan rago, ko dagwalon turke.

Ƙwayoyi biyu ne suka fi yi mana ɓarna mai zafi. Ta farko sunanta Staphylococcus aureus, mu ce mata Istaf don sauƙi. Tana zaune a fatar tunkiya da hancinta, har a hancin mutane masu lafiya, ba ta yin komai sai ta samu hanya. Wasu nau'o'inta na fitar da dafin da ke toshe jijiyoyin jini, sai naman ya mutu tunkiya na tsaye: hantsa ta fara da zafi da ja, ta koma shuɗi-shuɗi, ta yi sanyi, in ka matsa ruwa-ruwa mai jini ya fito. Wannan shi ne abin da ya kashe taka, ko kuma ta biyun, Mannheimia haemolytica, wadda ita ma takan yi haka. Ita wannan a maƙogwaron ɗan rago take zaune, ita ce dai mai kawo ciwon huhu, kuma da bakinsa yake kai wa uwarsa ita.

A nan ne yunwa ke shigowa cikin maganar. Tunkiya mai tagwaye da ba ta ƙoshi ba nononta kaɗan ne, 'ya'yan kuwa ba su san haƙuri ba: su tunkuya, su ciza, su ja, har kan nonon ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan da bai ƙoshi ba kuma yakan zagaya ya saci nonon wata uwar, ya kwashi cutar nan ya kai can. Haka kaska da ta maƙale a hantsa, da ƙurajen nan masu ɓawo da ke fito wa 'yan raguna a leɓe, duk tsaga bangon suke yi.

Akwai kuma ciwon da ba ya nuna kansa. Hantsa ba kumburi, nono fari tas, amma dangin Istaf masu sanyin hali suna ciki suna rage nonon, ɗan rago yana tsumburewa ba a san dalili ba. Yawancin abin da muka sani game da wannan daga ƙasashen da tatsar tumaki ta zama babbar sana'a ya fito: tsibirin Sardiniya na Italiya da tumakinsa Sarda, Girka inda ake cukun feta, Sifaniya da Manchega, kudancin Faransa inda nonon Lacaune ke zama cukun Roquefort, da Gabas ta Tsakiya mai Awassi. A garkunansu ciwon da ake gani da ido yawanci ba ya kai tunkiya biyar cikin ɗari a shekara, ɓoyayyen kuwa yakan ninka haka sau da yawa. Kai biyar cikin talatin gare ka, ɗaya cikin shida. Wannan ya wuce tsautsayi, akwai abin da ke gudana a garkenka.

Me ya sa allura ba ta ci

Rashin isasshen magani na riga na faɗa. Na biyu shi ne makara. Naman da ya mutu jini ba ya zuwa wurinsa, kuma jini ne ke ɗaukar magani, don haka hantsar da ta yi sanyi babu allurar da za ta dawo da ita. A irin wannan ran tunkiyar muke nema, gefen ya riga ya tafi.

Na uku shi ne abin da ya samu biyun da hantsarsu ta yi tauri. Na taɓa roƙon wani mahauci ya ajiye mini hantsar wata tunkiya da mai ita ya yi wata biyu yana ɗirka mata allura. Da muka tsaga, sai ga ƙullutai kamar ƙwallon goruba, kowane da bango mai kauri, cikinsa mugunya ce mai kauri kamar kunun da ya kwana. Na ɗebi mugunyar na kai ɗakin gwaji. Istaf ce, kuma a farantin gwaji maganin da mutumin ke amfani da shi ya kashe ta sarai. Ba bijirewa ta yi ba, katanga ta gina ta shige. Istaf ta iya wannan: tana lulluɓe kanta da wani yauƙi a jikin hanyoyin nono, tana ma ɓuya a cikin ƙwayoyin jini da aka turo su cinye ta. Tun daga ranar na rage saurin cewa magani ya daina aiki.

Wani lokacin kuma maganin ne ba na ciwon ba. Akwai ƙwayar Mycoplasma agalactiae mai ƙafar da nonon tumaki da yawa lokaci guda, tare da ciwon ido da kumburin gaɓoɓi. Ita ba ta da bangon jiki, penisilin kuwa bango yake rusawa, ka ga ba abin da zai yi mata. Akwai Pseudomonas mai zama a ruwan da ya daɗe a duro ko tsumman goge hantsa, wadda tun asali yawancin magungunanmu ba sa taɓa ta. Akwai ma bairos mai taurara gefe biyun gaba ɗaya ba zafi ba zazzaɓi, wannan ba ruwansa da antibayotik kowane iri. Ga kuma kwalbar da ta sha rana a kan tabarmar kasuwar ƙauye, ko wadda ba ta da lambar hukuma, ko wadda aka soka mata allura mai datti sau ashirin.

Sai bijirewa ta gaskiya, wadda ita ma tana nan. Ka ɗauka gona ce ka fesa mata maganin ciyawa da ka tsinka da ruwa fiye da kima. Mai rauni za ta mutu, mai taurin ta tsira ta zubar da iri, baɗi gonar tata ce. Haka mil biyun nan ke yi a jikin tunkiya: yana share masu rauni yana bar wa masu tauri fili. Wasu ƙwayoyin na fitar da sinadarin da ke karya penisilin kafin ya taɓa su, wasu na da wani abu kamar famfo da ke tofar da tetrasayikilin, wato dangin LA, waje da zarar ya shiga. Abin da ya fi muni, suna iya miƙa wa juna wannan dabara, har tsakanin waɗanda ba dangi ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, cewa ba da magani ƙasa da kima zai koya wa ƙwayar cuta jure shi. A 1961 aka samu Istaf mai jure metisilin, wani ɗan'uwan penisilin, a Ingila, wadda ake kira MRSA, shekara biyu kacal da fitowar maganin. A 2011 kuma aka bayyana wani sabon nau'inta a nonon shanu da jikin mutane a Birtaniya da Denmak.

A tumakin tatsa na Turai, inda aka fi yin gwaji, penisilin da tetrasayikilin ne aka fi samun Istaf ta bijire musu, MRSA kuwa ba ta da yawa. Wato maganin da aka fi yawan amfani da shi shi ne ke fara mutuwa. A wajenmu kuwa ka san babu abin da ya kai LA da haɗin penisilin da sitiraftomaisin yawo, ana yi wa tari, ana yi wa zawo, ana yi wa tunkiyar da kawai ta ƙi cin dusa. Don haka ba zan yi mamaki ba in gwaji ya nuna ƙwayar garkenka ta daina jin LA. Amma daga nan inda nake zaune ba zan iya rantsewa ba, shi ma mai shagon ba zai iya ba.

Batun "mai ƙarfi"

Babu magani mai ƙarfi da mara ƙarfi, akwai wanda ya dace da ƙwayar da wanda bai dace ba. In ka koma shagon, ina kyautata zaton enrofulokzasin ko seftiyofo za a miƙo maka. Na farkon ɗan'uwan sifrofulokzasin ne da ake ba mai taifot, na biyun ɗan'uwan seftiriyakzon ne da ake yi wa yaro mai sanƙarau a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin magungunan da suka fi muhimmanci ga ɗan'adam, kuma ƙwayar da ta koyi jure na dabba ta koyi jure na mutum. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. In ka sayi irin waɗannan ka ci gaba da yin mil biyu, an sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugunne ba ta ƙare ba.

Abu uku kada ka yi ko wa ya ba ka shawara. Kada ka fasa kafso mai ja da ɗorawa ka ɗura a kan nono, datti za ka tura ciki. Kada ka yi amfani da kuloramfenikol, an haramta shi ga dabbar da ake ci ko ake tatsa saboda yana iya kashe ɓargon mutum. Tilmikosin kuma bar wa likita, domin in allurarsa ta soki mutum bisa kuskure tana iya tsayar da zuciya.

Abin da zan yi in garken nawa ne

Biyun da ke fama yanzu, ware su yau, da 'ya'yansu. Auna zafinsu ta dubura. Na tunkiya mai lafiya wajen digiri 39 ne, in ya haura 40.5 ta kuma daina ci, abin gaggawa ne. Kafin kowace allura a ɗebi nonon gwaji: wanke hannu, goge kan nonon da auduga da sifirit, zubar da tsirtuwa biyu ko uku na farko, sannan a tatsa cikin kwalbar gwaji sabuwa ba tare da bakinta ya taɓa fata ba, a rufe a sa cikin ƙanƙara. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da cibiyar bincike ta Vom, suna da ɗakin gwajin da ake shuka ƙwaya. A Nijar akwai LABOCEL, babban ɗakin gwajin dabbobi, a Yamai. Za su shuka ta a faranti, su jera 'yan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, su ga wanda ya hana ta tsiro a kewayensa. Kwana biyu zuwa uku ne. Na san akwai kuɗin mota da wahala, amma kwatanta shi da kuɗin Balamiya ɗaya. Tunda LA ta riga ta shiga jikin waɗannan biyun, mai yiwuwa ƙwayar ta ƙi tsirowa, don haka a faɗa wa masu gwajin, a kuma haɗa da nonon wata da ba a taɓa yi wa allura ba in an samu mai alama.

Tunkiya mai zazzaɓi ba ta jiran sakamako. Likitan da ke kusa da kai ya fara mata da abin da ya ga ya dace, cikakken awo bisa nauyi, cikakkun kwanaki, ko da ta miƙe a rana ta biyu. A haɗa da maganin zafi da kumburi irin su meloksikam ko fuluniksin, wanda mutane ke rainawa alhali shi ke sa ta koma cin abinci. A riƙa tatse gefen mai ciwo sau uku ko huɗu a rana cikin wani kwano, a haƙa rami a binne, kada a tsirtar a ƙasan turke. Ruwan sha kada ya yanke. 'Ya'yan a taimaka musu da nonon akuya ko na wata uwar.

Akwai magani na bututu da ake matsawa ta kan nono, amma yawancinsa don shanu aka yi shi. A farkon aikina na tura bakin bututun nan gaba ɗaya cikin kan nonon wata tunkiya kamar yadda ake yi wa saniya, na yage mata hanyar, ta warke daga ciwon amma gefen ya toshe har abada. Bakin kaɗai ake sawa, bututu ɗaya ga gefe ɗaya, ba a raba wa tumaki biyu.

Biyun masu taurin hantsa kuwa, Malam, shawarata ba mai daɗi ba ce: a fitar da su. Ba za su warke ba, kuma su ne rumbun da cutar ke fitowa ta kama sauran duk haihuwa. Ka yaye 'ya'yansu, ka jira kwanakin da takardar maganin ta ce nama ya tsarkaka, ka yi musu kiwo su yi ƙiba, ka sayar wa mahauci. Kada a kai su kara a sayar wa mai neman uwar garke a yi shiru, wannan cin amana ne. Kai ma in za ka sayi tunkiya, kafin ka duba haƙori tsuguna ka lalubi hantsa da hannu biyu.

Sauran ashirin da biyar ɗin su ne aikin gaske. Bi masu shayarwa ɗaya bayan ɗaya, ka tatsa a baƙin kofi ka duba gudaji ko tsinkewa. In ka samu ruwan gwajin CMT, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya a 1957, ya fi: nono kaɗan, ruwan gwaji daidai shi, a juya, in ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa akwai ciwo a ɓoye. Kwatanta gefe da gefe na tunkiya ɗaya, bambancin ne ke magana. Wurin tatsa a fara da ƙanana masu lafiya, a ƙare da waɗanda ake zargi, a wanke hannu tsakani, a daina tsumma ɗaya ga kowa. Bayan tatsa a tsoma kan nono a ruwan aidin na tsoma nono, a zuba musu harawa nan take don su tsaya a tsaye har ƙofar ta rufe. A kwashe taki, a zuba busasshiyar ƙasa, musamman da damina, a cire kaska. Makonni shida na ƙarshen ciki a ƙara musu abinci, mai tagwaye ta fi samu. Turawa na da rigakafin Istaf na tumaki, yana rage ciwon amma bai kawar da shi ba. Sun kuma daɗe suna matsa maganin bututu lokacin da aka daina tatsa, sai dai tun Janairun 2022 dokar Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi antibayotik a matsayin rigakafin yau da kullum, hankali ya koma ga zaɓen waɗanda gwaji ya nuna suna da ciwon.

Nonon fa?

Na tunkiya mai ciwo ba a sha, na wadda aka yi wa allura ma ba a sha, ko daga gefen mai lafiya ne, domin maganin jini ya bi ya shiga duka biyun. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kawar da ragowar magani, ba ta kuma karya dafin da Istaf ta riga ta zuba, wanda ke sa amai da zawo cikin 'yan awoyi. Duba takardar kwalba ka ga kwanakin jira. Wasu ma an rubuta ƙarara kada a yi wa tunkiyar da mutane ke shan nononta. Inda ba a rubuta komai ba, ni ba na barin a sha ƙasa da mako guda bayan allurar ƙarshe, LA kuwa nakan ƙara, tunda an yi ta ne don ta daɗe a jiki. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini ƙarar cewa an yi wa ƙwaryarta baki, kwana uku nono ya ƙi yin kindirmo. Da na bincika, ɗanta ne ya yi wa dabbobin allura bai faɗa mata ba, maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa nono barci. Yaran gidan kuwa duk kwanakin nan suna sha. Nonon sauran tumakin masu lafiya a tafasa kafin a ba yara, saboda burusela, cutar da ke sa dabbobi ɓari tana kama mutum ta ɗanyen nono, da makamantanta.

Ban ga tumakin nan ba, ban taɓa hantsarsu ba, don haka ban rubuta maka sunan allura da awo ba. Wannan na wanda zai tsuguna gabansu ne. In za ka sake rubutowa, duba mini leɓen 'yan ragunan ko akwai ɓawo, ka faɗa mini ko akwai mai ɗingishi ko mai farin ido a garken, da inda kuke ɗebo ruwan wanke hantsa, da kuma ko biyar ɗin nan hannu ɗaya ne ke tatsarsu.